Kafin ka sayi eriyar waje ta talabijin, karanta wannan

Jama'a da yawa idan za su sayi eriya abin da suke fara dubawa shi ne kwalin, in sun ga an rubuta HD ko 4K ko an ce tana jawo tasha daga kilomita 300 shikenan sai su biya su kama hanya, a je a ɗaura, hoto ya riƙa daskarewa yana farfashewa, sai a ce ai talabijin ɗin ce ba ta da kyau. Gaskiyar magana ita ce eriyar da za ta yi maka aiki ba kwali ne zai faɗa maka ita ba, wurin da gidanka yake ne zai faɗa maka. Shi ya sa a wannan bayanin sayen eriyar ma ba shi ne matakin farko ba, sai can wajen na uku ko na huɗu.

Bari in fara kawar da wani abu tukunna. A zahiri babu wata eriya ta musamman ta dijital ko ta HD. Eriya ƙarfe ce da aka yanka daidai da tsawon igiyar sigina, ita ba ta san ko hoton da ke cikin iskar na da ne ko na yanzu ba. Abin da ke fassara siginar shi ne talabijin ɗinka ko dikoda. Don haka ka fara tabbatar da cewa abin da kake da shi a ɗaki yana karɓar tsarin da ake watsawa a ƙasar da kake. Yawancin ƙasashen Afirka da Turai DVB-T2 suke amfani da shi, Amurka da Kanada da Koriya ta Kudu ATSC, Japan da Brazil ISDB-T, China kuma DTMB. In talabijin ɗinka ba ta da tsarin ƙasarka, ko eriyar zinare ka ɗaura ba abin da za ka gani sai ka haɗa da dikodar da ta dace. Duba bayan talabijin ɗin ko littafinta, yawanci a rubuce yake.

Mataki na farko: ina turken tashar yake

Wato dogon ƙarfen nan da tasha ke watso shirye-shiryenta daga kansa. Ka lura, ba ofishin tashar nake nufi ba, sau da yawa ofis yana tsakiyar gari amma turken yana can kan wani tudu a bayan gari. Abu huɗu kake so ka sani game da shi: ta wane ɓangare yake daga gidanka, nisansa, a wace firikwensi yake watsawa, sannan siginarsa a kwance take ko a tsaye.

Hukumomin da ke kula da watsa shirye-shirye a ƙasashe da dama suna saka wannan bayanin a intanet, wasu har da taswira. In ba ka samu ba akwai hanya mai sauƙi wadda ni na fi yarda da ita ma, ka fita ka ɗaga kai ka kalli rufin maƙwabta. In ka ga eriya biyar duk sun fuskanci gefe ɗaya to ka samu amsarka. Ka kuma lura da girmansu da tsayin da aka ɗaga su, in duk unguwar dogayen eriyoyi ne a kan dogayen sanduna, kai ma kada ka yaudari kanka da ƴar ƙarama. Sannan ka roƙi wani maƙwabcin da tashoshinsa ke fita tas ya buɗe maka menu na dikodarsa, wurin bayanin sigina, a nan za ka ga firikwensin kowace tasha a rubuce da MHz. Rubuta su a takarda.

Wannan lambar ita ce ta gaskiya, ba lambar da kake dannawa a rimot ba. Tashar da ke fitowa a lamba 5 a rimot tana iya kasancewa a can sama take a zahiri, tun da aka koma dijital lambobin biyu suka rabu.

Mataki na biyu: VHF ko UHF

Nan ne mutane suka fi asarar kuɗinsu. Talabijin na iska yana tafiya ne a manyan rukuni biyu. VHF na sama yana farawa daga 174 MHz ya kai wajen 230, UHF kuma yana farawa daga 470 MHz. A da UHF yana kaiwa har 862, amma an yi ta yanke samansa ana ba kamfanonin wayar salula, yanzu a ƙasashe da yawa a 694 yake tsayawa, a Amurka ma a 608. A wuraren da faɗin kowace tasha a UHF yake 8 MHz, kamar Afirka da Turai, akwai ɗan lissafi mai amfani, ka ninka lambar tashar ta ainihi (ba ta rimot ba) sau 8 ka ƙara 306, tasha ta 21 za ta ba ka 474 MHz kenan, ta 40 kuma 626.

Me ya sa wannan ya dame mu? Saboda girman eriya yana bin tsawon igiyar. Raba 300 da firikwensin za ka samu tsawon igiyar a mita. A 500 MHz santimita 60 ne, kuma sandar da ke karɓa tana son ta kai kusan rabin haka, santimita 30. A 200 MHz kuwa igiyar mita ɗaya da rabi ce, sandar sai ta kai kusan santimita 75. To ka ga ƴar eriyar da faɗinta bai wuce tafin hannu biyu ba ba yadda za a yi ta kama VHF da kyau, ko me aka rubuta a jikinta. In duk tashoshin da ke takardarka sun haura 470, sayi ta UHF zalla, ta fi sauƙin nauyi kuma iska ba ta wahalar da ita. In akwai ko ɗaya da kake so a VHF, nemi mai haɗe biyun, za ka gane ta da dogayen sanduna a baya da gajeru a gaba.

Mataki na uku: nisa da abin da ke tsakani

Siginar talabijin, musamman UHF, kusan a miƙe take tafiya, kuma duniya a lanƙwashe take. Akwai lissafin da injiniyoyi ke yi na iyakar inda za ta kai, kuma idan aka yi shi da turke mai tsayin mita 200 da eriya mai tsayin mita 10 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, abin da yake bayarwa kusan kilomita 70 ne. Bayan nan turken ya faɗa ƙarƙashin lanƙwasar ƙasa. Shi ya sa duk kwalin da ya ce maka kilomita 300 ko 500 kada ka ko tsaya karanta sauran. E, wani lokaci yanayin sama yana kawo tasha daga nesa sosai, musamman da daddare ko da asuba, amma abu ne mai zuwa ya tafi, ba a gina shawara a kansa.

Nisa kuma ba shi kaɗai ba ne. Wanda ke kilomita 15 a bayan dutse ko a cikin kwari zai iya shan wahala fiye da wanda ke kilomita 50 a fili. Dogayen benaye suna tare sigina kuma suna dawo da ita ta wani gefe. Bishiyoyi ma suna ci, in ganye ya yi yawa kuma ya jiƙe abin ya fi muni, shi ya sa wani zai ce maka tasharsa lafiya lau take sai an yi ruwa ko ana iska. Rufin kwano kuwa sigina ba ta ratsa shi da kyau, don haka maganar ɓoye eriya a cikin silin ƙarƙashin kwano a bar ta kawai.

Mataki na huɗu: yanzu sai zaɓen kalar eriyar

Bambancin da ke tsakaninsu kamar na tocila ne da fitilar da aka rataya a tsakar ɗaki, ɗaya tana tara haskenta wuri guda ta kai nesa, ɗayar tana haska ko'ina amma ba ta wuce kusa. Eriya ba ta ƙirƙirar ƙarfi, duk ƙarin da ta samu ta gaba daga gefe da baya ta rage shi.

Wadda kowa ya sani ita ce Yagi, doguwar nan mai sanduna jere kamar haƙarƙari. Sunan ya samo asali daga wasu malaman jami'ar Tohoku a Japan, Hidetsugu Yagi da Shintaro Uda, da suka fito da ita a 1926, kuma har yau babu abin da ya kore ta daga kan rufin mutane. A jikinta sanda ɗaya ce kawai waya ke haɗe da ita, na bayanta yana turo sigina gaba, gajerun da ke gaba kuma suna tattaro ta. Yawan gajerun nan shi ne yawan ƙarfin ja, amma kuma shi ne ƙarancin faɗin da take gani. In kana nesa kuma duk tashoshinka daga gefe ɗaya suke, ita ce taka, ba sai an yi dogon tunani ba. Sai dai tana son saiti, ɗan karkacewa kaɗan sai ka rasa tasha.

Sai mai allon raga, wadda ake jera ƴan sanduna masu siffar X guda 2 ko 4 ko 8 a gaban wata raga. Ta fi Yagi faɗin gani, don haka in turakun biyu ne kuma ba su yi nisa da juna sosai a kusurwa ba, kana iya saita ta tsakaninsu ka kama duka. A matsakaicin nisa ni ita nake fara ba mutum shawara. Matsalarta iska, faɗin jikinta yana tare iska sosai, sandar da za ta riƙe ta sai mai ƙwari.

Akwai kuma wadda sandunanta ke raguwa a hankali daga baya zuwa gaba ta yi siffar mashi, ƙarfin janta bai kai na doguwar Yagi ba amma kusan ɗaya yake a duk firikwensin da take ɗauka, kuma ba ta cika kwasar tarkace daga baya ba. Tana da kyau in sigina tana da ƙarfi amma tashoshin a warwatse suke daga ƙasan rukuni zuwa sama.

Ta ƙarshe mai kama ta ko'ina, yawanci kamar faranti a rufe cikin roba. Tana da daɗin ɗaurawa tunda ba saiti, amma sai wanda yake kusa da turaku kuma suka kewaye shi. A nesa ba ta da amfani, a cikin benaye kuma tana kwaso siginar da ta bugi gini ta dawo tare da ta ainihin, su rikita juna.

Wajen karanta ƙarfin ja, lambar da ke da dB ita ce abin dubawa. Duk ƙarin 3 dB ninki biyu ne na ƙarfi. Amma ka kula da ƙaramin harafin da ke biye, dBi da dBd ba ɗaya ba ne, tsakaninsu akwai 2.15, eriya ɗaya za a iya rubuta mata 10 dBd ko kusan 12 dBi, kuma masu sayarwa sun fi son babbar lambar. In kuma ka ga an rubuta 30 ko 36 dB a kan ƴar ƙaramar eriya to na bustar da ke cikinta, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina, aka haɗa, ba na ƙarfen ba. Eriyar UHF ta gida mai kyau yawanci tsakanin 8 ne zuwa 15 ko ɗan sama da haka.

Ka riƙe ta a hannu kafin ka biya in da hali. Sandunan su zama alminiyam mai ɗan kauri, ba wanda kana taɓawa yana lanƙwashewa ba. Buɗe ɗan akwatin robar da waya ke shiga ka gani ko yana rufuwa ruf kuma bakinsa ƙasa yake kallo, don nan ne ruwa ke fara shiga ya kashe komai. Maɗaurin da notinansa su zama waɗanda ba sa tsatsa da wuri. Masu ɗan inji a ciki da ake juyawa da rimot kuwa ban cika so ba, injin roba ne a cikin rana da ruwa, ranar da ya tsaya a inda ya tsaya za ka zauna.

Mataki na biyar: waya, wadda kowa ke rainawa

Wallahi sau da yawa laifin da ake ɗora wa eriya na waya ne. Mutum zai sayi eriya mai kyau sai ya haɗa ta da siririyar waya mai ƴan zaruruwa kaɗan a ciki, ga jonin da aka murɗe da hannu aka naɗe da leda a tsakiya. Nemi RG6 mai 75 ohm, ta fi RG59 kauri kuma ta fi ta riƙe sigina. Ka sa a feɗe maka bakinta ka gani, tsakiyar ta zama mai kauri, sai farin kumfa, sai takardar alminiyam, sai saƙar zare mai yawa wadda ta rufe ta sosai. Ko RG6 ɗin ma tana cin nata, a UHF mita 20 za ta iya cinye maka 3 zuwa 4 dB, wato rabin abin da eriyar ta tara ko fiye. Don haka ka bi hanya mafi gajarta, guntu ɗaya daga sama har ɗaki, kada ka bar ragowar a nannaɗe a bayan talabijin, kada kuma ka lanƙwasa ta da ƙarfi a kusurwa ko ka danne ta da ƙusa har ta baje.

In talabijin biyu za ka ba, abin raba wayar zai ɗauke kusan 3.5 dB a kowane ɓangare, mai baki huɗu kuma kusan 7. Ka sa wannan a lissafi tun wajen zaɓen girman eriyar.

Maganar busta

Busta ba ta samar da siginar da babu. Abin da eriya ta kamo shi take ƙarawa, mai kyau da marar kyau gaba ɗaya, har ta ƙara da tata ƙurar, wato hayaniyar da ke gurɓata sigina. Amfaninta na gaskiya shi ne ta rama asarar doguwar waya da ta rarrabawa, kuma saboda haka wurinta yana sama kusa da eriya, kafin wayar ta cinye siginar. Wadda aka maƙala a bayan talabijin ta riga ta makara. In za ka saya duba lambar ƙurarta, ƙasa da 3 dB shi ne mai kyau, wannan ta fi yawan ƙarin muhimmanci. Wasu dikodoji suna tura wuta 5V ta cikin wayar eriya don irin wannan, sai ka kunna a menu, in kuwa eriyarka ba ta da busta ka bar shi a kashe.

In kana kusa da turke kada ka sa busta kwata-kwata, sigina in ta yi yawa tana toshe talabijin, tashoshi su ɓace kamar ba sigina, mutum ya yi ta ƙara busta yana ƙara lalata abin. Haka in akwai turken wayar salula kusa da kai, tunda yanzu 4G da 5G suna zaune a 700 da 800 MHz, daf da talabijin, tsohuwar eriya ko busta mai ɗauka har 862 za ta kwaso su. Ƴar filtar LTE mai tace siginar wayar salula da ake sawa kafin bustar tana maganin wannan, sababbin eriyoyi da dama ma da ita suke zuwa. Shawarata dai ka fara gwadawa ba busta, sai in ka ga buƙata.

Mataki na shida: ɗaurawa da saiti

Kafin komai, wayar lantarki. Don Allah wannan ba abin wasa ba ne, mutane suna rasa rai a nan. Sandar ƙarfe doguwa a hannu, iska ta kaɗa ta, ta taɓa wayar wuta, magana ta ƙare. Ka'idar da ake bi ita ce nisan da ke tsakanin wurin ɗaurawa da wayar wuta ya kai ninki biyu na tsawon sandar haɗe da eriyar. In gidanka ba shi da irin wannan filin ka kira mai sana'ar. Kada ka hau rufi a jiƙe, ko ana iska, ko hadari ya taso, kuma a samu mai riƙe maka tsani.

Tsayi yana da tasiri fiye da yadda ake zato, masu tsara watsa shirye-shirye ma da eriya mai tsayin mita 10 daga ƙasa suke lissafinsu. Ba dole ka kai haka ba, amma ta haura kan rufin da aƙalla mita ɗaya ko biyu, ta kuma tsallake abin da ke gabanta. Kada ka huda bango ka kafe tun farko, riƙe ta a gwada wurare biyu uku, a UHF matsar da ita rabin mita gefe ko sama kan iya canza komai.

Gajerun sanduna su ne gaba, su za su kalli turken, ragar ko dogayen sandunan suna baya. In siginar tashar a kwance take sandunan su kwanta, in a tsaye take ka juya eriyar a maɗaurinta su miƙe tsaye, kuskure a nan kaɗai yana zubar da mafi yawan siginar.

Saitin na mutum biyu ne, ɗaya a sama ɗaya a gaban talabijin, suna magana ta wayar salula. A shiga sacin na hannu, wato wurin neman tasha ɗaya-ɗaya a menu, a sa firikwensin tashar da ta fi rauni a cikin waɗanda kake so, za a ga layi biyu, na ƙarfi da na inganci. Na ingancin za ku bi. Ƙarfi yana iya nuna 90 alhali inganci yana ƙasa, hoto kuma ya ƙi fita. Juya kaɗan, ka tsaya daƙiƙa biyar zuwa goma don dikoda ba ta nunawa nan take, sannan ka ƙara. Ka wuce wurin da ya fi kyau har ya fara sauka, ka dawo ta ɗaya gefen har ya sauka, sai ka tsaya a tsakiyarsu. Kuma kada ka gamsu don kawai hoto ya fito. Dijital ba ya yin dishi-dishi kamar na da, ko dai ya fito tas ko ya yanke gaba ɗaya, don haka in a bakin iyaka kake yau da rana tsaka, ranar da aka yi ruwa ba za ka ga komai ba. Nemi rara.

In an samu wurin sai a ɗaure notina da sifana sosai, a naɗe bakin wayar da tef ɗin roba mai manne kansa, a ɗaure wayar a jikin sandar don kada iska ta riƙa jan ta. Inda za ta shiga bango ka bar ta ta ɗan sauko ƙasa da ramin sannan ta hau ta shiga, ruwan da ya biyo ta sai ya ɗiga a waje. Sandar da kuma wayar a haɗa su da waya mai kauri ta jan ƙarfe zuwa ƙarfen da aka kafa a ƙasa, wanda ya fi shi ne a haɗa da na wutar gidan, mai gyaran lantarki ya san yadda ake yi. Wannan yana rage haɗari amma ba ya hana aradu in ta faɗo kai tsaye, don haka in ana tsawa mai ƙarfi cire wayar eriya daga bayan talabijin tun kafin hadarin ya iso.

Daga nan sai a yi sacin na gaba ɗaya. Lokaci-lokaci ka riƙa maimaita shi, domin tashoshi suna canza firikwensi ko a ƙaro sababbi, kuma in wata rana tasha ɗaya ta ɓace sauran suna nan, sacin za ka fara yi kafin ka ɗauko tsani.